Bangon da Aka Daina Yi wa Yaɓe

Ka ce aikin gida ya ishe ka, Malam Ilu, kana neman gyaran da za a yi sau ɗaya a huta har abada. To, gyara zama in ba ka misali, in ya so ka yi yadda ka ga dama da shi.

An yi wani mai sayar da yadi a kasuwa wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa soro. Ginin ƙasa ne mai rufin azara, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, kuma a ciki yake kwana da iyalinsa. Lokacin da tsohon ke da rai, duk shekara in bazara ta kama, kafin ruwan farko, sai a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsumu, a bi bango da hannu a yaɓe. Aikin kwana biyu ne, uku in an yi nawa. Amma a cikin kwanakin nan babu inda tafin hannu ba ya taɓawa a jikin ginin. Inda ya tsage a ji a toshe, inda gara ta fara hanya a kankare a zuba toka, a hau sama a share indararo a liƙe gindinsa. Tsohon bai taɓa cewa duba gida yake yi ba, shi dai a wurinsa yaɓe ne. Ɗan kuwa ba rago ba ne, a faɗi gaskiya, tun safe yake fita kasuwa. Sai dai mai taɓa shadda da farin yadi ba ya son jar ƙasa a farce, ga shi yana ganin gidajen sabuwar unguwa sumul, babu mai hawa tsani saboda su. Ya yi yaɓe shekara ɗaya, ta biyu ya ce shi ya gama wannan wahala. Ya kira birkila, aka shafe soron da siminti ciki da waje, aka buga masa shuɗin fenti. Wani tsohon magini da ke wucewa ya tsaya ya duba, ya ce, "Alhaji, in ruwa ya shiga bayan wannan, ta ina zai fita?" Mai yadi ya yi dariya, ya ce wa mutane maginin tsoro yake ji kada kasuwarsa ta mutu.

Damina uku gidan yana ƙyalli, har masu kwatance suka koma cewa a sha kwana daga shuɗin gida. In bazara ta zo, maƙwabta suna cikin kwaɓi har gwiwa, shi yana zaune a ƙofa yana yi musu sannu da aiki, kuma ka san irin sannun. Abin da bai gani ba shi ne, simintin ya ɗan rabu da gindin indararo, tsaga wadda ko wuƙa ba za ta shiga ba. Ruwa kuwa ba ya raina ƙofa. Bangon ƙasa in ya jiƙe rana tana busar da shi, amma wannan an rufe shi, sai ya riƙe damshinsa daga damina zuwa damina. Gara ta samu duhu da laima, babu hannun da zai kankare ta, ta hau abinta a nutse har ta kai kan azara. Matarsa ce ta fara lura. Ta ce tabarmin da take jinginawa a kusurwa suna yin fumfuna, kuma in ta ƙwanƙwasa bangon sai ya amsa kamar ƙwarya. Ya zo ya duba, ya ga fenti ne ya ɗan kumbura, ya sa aka sake shafa wani. A damina ta huɗu aka yi marka kwana uku. Ran na ukun da hantsi, yana kasuwa, matar ta fita tsakar gida da 'ya'yanta ke nan, bangon gabas ya zauna, rufin ya bi shi. Allah ya tsare rai, amma gado da akwatuna da buhunan hatsi duk suka shige ƙarƙashi. Da aka ɗaga azarar, da hannu ake murtsuke ta.

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye maka ba, don gidan ubansa ne. Ka san bangon ƙasa in ya faɗi, ƙasar nan ake sake kwaɓawa a tayar da wani. Nasa kuwa ta cakuɗe da ɓaraguzan siminti, sai da aka zauna aka tsince su ɗaya bayan ɗaya. Iyalinsa suka ƙarasa damina a zauren maƙwabci, shi ya rufe rumfarsa ta kasuwa. Rani guda cur ya yi yana ɗaukar ƙasa a ka, yana buga tubali, yana yawon neman azara ƙauye-ƙauye, hannun da ke ƙyamar yaɓen kwana biyu ya yi kanta har ba ya jin laushin shadda.

Shi ya sa, Malam Ilu, Hausawa ke cewa wanda ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa.