Agogon da Ya Iya Ruwa

Wayar mijinta ta yi ƙara a kan tebur. Ta dire butar shayi ta ɗauka. Ƴar jar zuciyar nan ce take bugawa a fuskar wayar.

"Kun gani?" ta ce wa surukarta da ƙanin mijin. "Wallahi yana raye."

Surukar ta kau da kai tana share ido da gefen mayafi. Ƙanin ya zuba wa kofinsa ido.

Ita ta saya wa mijin agogon hannu, irin mai ƙirga taku da bugun zuciya ya aika wa waya. Aikinsa gyaran injinan madatsar ruwa ne, rabin yininsa a jiƙe yake. In ya dawo sai ya miƙo mata hannu, don maɗaurin tauri gare shi, shi kaɗai ba ya iya kwancewa. In ta kwance masa, ya ɗauraye agogon da ruwa mai tsabta, ba sabulu, ba ruwan zafi, ya goge, ya ajiye a taga ya sha iska.

"Wanda ya bar shi a jiƙe a hannu, ƙaiƙayi zai cinye masa fata," yakan ce. "Yadda nake lallaɓa ki nake lallaɓa shi."

"Ni dai kada a shanya ni a taga."

Wayar kuwa a gida yake barinta. Agogon ne ya iya ruwa, ita ba ta iya ba.

Ranar da madatsar ta cika ta batse, shi da ƙaninsa suka shiga kwale-kwale. Ƙanin kaɗai ya dawo. Ya ce ruwa ya kife su, yayansa ya nutse can nesa, ko hannunsa bai samu ya taɓa ba. Aka yi nema har aka gaji, ba a ga gawa ba.

Sai zuciyar ta fara bugawa.

Ba kullum ba. Takan yi kwanaki shiru, sannan ta dawo. Saboda wannan zuciyar, matar ta ƙi karɓar gaisuwa, ta ƙi a taɓa takalmansa da ke bakin ƙofa. Maƙwabta suka ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ƙanin ne kaɗai bai taɓa musa mata ba. Yakan leƙo da cefane, ya gyara famfo, ya zauna jim. A da da tsokana yake shigowa, yana kiranta "matarmu". Yanzu ya zama shiru-shiru, kullum cikin riga mai dogon hannu ko ana zafi, yana yawan sosa wuyan hannu ta saman rigar.

Da haƙurinta ya ƙare, ta kai wayar wurin mai gyara, ko zai gano mata inda agogon yake.

Ya jujjuya ta. "Baiwar Allah, irin wannan agogon ba shi da layi. Ba ya magana da waya sai suna kusa, kamar daga ɗaki zuwa bakin ƙofa."

Har ta iso gida ƙafarta ba ta san tana taka ƙasa ba. Ashe zuwa yake yi! Ashe tsayawa yake a bayan katanga, wani abu na hana shi shigowa. Wataƙila ruwa ya nakasa shi, yana kunyar ta gan shi. Ta share ɗaki, ta sa rigar da yake so, ta buɗe taga, ta zauna da wayar a cinya.

Da yamma ta yi ƙara. Zuciyar tana bugawa da sauri, da sauri. Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta ruga ba takalmi ta buɗe.

"Matarmu," ƙanin ya ce a hankali, "yau kin yi kyau."

Ya miƙo mata ledar cefane, hannun rigarsa ya zame baya. Fatar ta yi jawur da ƙuraje, a kanta kuma ga agogon mijinta, da maɗaurin nan da ba ya kwantuwa sai wani ya riƙe hannun mai shi.