Rigar Baba a Kan Kwando

Kwana bakwai da rasuwar Baba, bayan la'asar, Inna ta sauke rigarsa ta saƙi daga kan igiya. Tun da safe ta wanke ta da sabulun salo har sau biyu, don washegari za a kai wa Baffa, ƙanen Baba, can Roni.

Ta kifa kwando a kan kaskon garwashi, ta shimfiɗa rigar a kai. Ta nuna mini ƙullin kajiji da haɓarta, sannan ta ja da baya har gindin rumbu.

"Ke za ki zuba. Ina takaba, ba na taɓa turare."

Na ɗaga kwandon na zuba. Hayaƙi ya fara fitowa ta wuyan rigar. Kafin wankin, wuyan nan ƙamshin Baba yake yi, gumi da goro da shanu. Nakan cusa hancina a ciki in ba mai kallo.

"Ya isa, Inna?"

"Ƙara."

Na yi ta ƙarawa har ƙullin ya ƙare. Na sunsuna rigar, na ce, "Inna, Baba ya fita daga ciki."

Ta ce, "Haka nake so. Baffanki zai shigo gaishe ni da ita a jikinsa."

Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba.

Yau na tsufa, ko daga nesa ina gane kajiji. Ƙamshin Baba kuwa na nema a raina, babu. Da hannuna na kore shi.