Kaguwa Marar Hatimi

Tun da kamfani ya sayi bakin teku, kowace kaguwa da hatiminsa a bayanta take fitowa, kuma ba ta yin ƙwai. Yau da hantsi Barau masunci ya jawo tarunsa, sai ga wata babu hatimi, cikinta fal da ƙwai.

Mai gadin kamfani ya miƙo bokiti. "Baba, kawo ta. Marar hatimi ƙonawa ake yi, doka ce."

"Dokar wa?" in ji Barau. "Mahaifina ko yunwa za ta kashe shi ba ya taɓa mai ƙwai. Kun hana naku haihuwa, wannan kuma wuta?"

Ya wurga ta cikin ruwa.

"Za a ƙwace tarunka, Baba."

"Ga shi nan, ɗauka! Ita kuwa, in ka isa, shiga ka kamo ta."