Babban Inji a Ramin Fourvière

Hayaƙi ya turnuƙe gaban motar, ta mutu a tsakiyar ramin Fourvière, hanyar mota ta ƙarƙashin dutse da ke bakin shiga birnin Lyon. Chaibou ya murza makulli, shiru. Motocin baya sai oda suke zabga masa.

Tun ranar da ya sayi tsohuwar motar tseren nan mai kujera biyu, ya ce injinta ya yi ƙarami. In ya sa mata babba, zai riƙa zuwa wurin matarsa Salamatou a Bron, kusa da Lyon, duk Asabar. Haka Asabar ɗin shekara biyu suka ƙare a gareji. Yau babban inji ya zauna, ya taho ba sanarwa.

Waya ta yi ƙara. Ita ce.

"Abban Kausar, kana ina? Tun ɗazu muke buga ƙofa."

"Wace ƙofa?"

"Taka mana, a La Courneuve! Na gaji da jiran injin nan naka. Na ajiye aiki, na saki gidan Bron, muka hawo jirgi ni da Kausar. Mun dawo ke nan, zo ka buɗe."

Chaibou ya dubi akwatinsa a kujerar gefe. Ya sa an maida aikinsa Lyon don ya ba ta mamaki. Jiya ya miƙa wa mai gida makullin ƙofar da take bugawa.

"Allo? Kana ji na?"

Su uku, gidan da ya rage musu kujera biyu gare shi. Kuma ya ƙi tashi.