Hular Tariq

Nazeer ya daɗe tsaye a bakin rumfar wankin hula da ke Soron Ɗinki kafin ya iya yin sallama. Kunya ce ta riƙe shi, don mai rumfar Ɗayyabu ne, wanda ya kora daga ƙungiyarsa wata biyu da suka wuce.

Ƙungiyar ta 'yan ƙwallon gem ce, irin wadda ake bugawa a na'ura ta intanet, Zakarun Badala, mutum biyar. Nazeer ne kocinsu, kuma Allah ya yi shi da baki. Ranar da suka sha kashi a gasar jiha, a gaban 'yan majalisar Shahuci ya nuna Ɗayyabu da yatsa, ya ce yaran Kano ba su da kai, hannunsu ma rawa yake yi. To ba dole hannu ya yi rawa ba, mutum na tsaye a kanka yana zabga ihu? Ɗayyabu ya saka takalminsa ya fita.

Ana haka sai ga Tariq. A intanet Nazeer ya tsinto shi, da tutar Maroko a gefen sunansa, yana lallasa Zakarun Badala ɗaya bayan ɗaya. Duk baƙon da suka taɓa gwadawa daga waje, wasa sai ya riƙa sarƙewa saboda nisa, ka danna yau ƙwallo ta tafi gobe. Na Tariq kuwa sumul. "Kun ga ƙasar da ta san abin da take yi!" in ji Nazeer. Ga shi da ibada, ladanin unguwar su Nazeer na kiran salla Tariq zai dakatar da wasa. Har wa'azi Nazeer ya riƙa yi wa yaransa da shi.

Bai yi wata-wata ba ya rubuta sunan Tariq a gasar ƙasa ta Abuja. Sai masu gasar suka ce duk sunan da aka rubuta, mai shi ya bayyana da kansa ranar Litinin, in ba haka ba a cire ƙungiyar gaba ɗaya. Shekara guda sauran huɗun suna atisaye saboda wannan rana.

Tariq ba ya ɗaga kira, sai guntun saƙo da Turanci. Da ƙyar ya amsa zai zo Kano: Juma'a bayan la'asar, Ƙofar Ɗan Agundi. Don murna Nazeer ya ce babban baƙo ba ya shiga Kano ya fita babu hula, ya tambaye shi lambar kansa. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta zo.

Abin da ya kawo shi rumfar ke nan, don duk unguwar babu mai hula kamar Ɗayyabu.

"Lamba nawa, Koci?"

"Ashirin da biyu da rabi."

"Sai an wanke an buga. Zan kawo maka can."

Nazeer ya so ya ba da haƙuri, girman kai ya hana. Ya fita kansa a ƙasa.

Ranar Juma'a ya aro mota, ya kwaso 'yan majalisa kaf su zo su ga yadda ɗan wasa yake. La'asar ta yi sakaliya, babu Tariq babu labarinsa. Ɗayyabu na gefe riƙe da leda. Aka fara tsiya, wani ya ce ƙila a raƙumi Balaraben ya taho. Yaran nan huɗu ba su yi dariya ba, ido kawai suka zuba wa kocinsu, kuma wallahi wannan kallon ya fi tsiyar ciwo.

Nazeer ya ja ƙafa ya je gaban Ɗayyabu, kowa na ji.

"Ɗayyabu, ka yafe min. Na ci mutuncinka, na fifita wanda ban taɓa gani ba. Ga shi na kashe yaran nan, don sunan da na rubuta ba ya canzuwa."

Ɗayyabu ya zaro hular daga leda ya ɗora a kansa, ta zauna cif. Sannan ya juyo masa da fuskar wayarsa, ga sunan Tariq da tutar Maroko, ga saƙonnin Nazeer reras.

"Ba sai an canza ba, Koci. Kai ma dai, wane Balaraben Maroko ne ya san lambar hularsa?"