Direban Jirgi da Sarakunan Kartarsa

To, tunda ka ce ƙarfinka ya kai, ba sai ka ji ta bakin abokin aikinka ba, gyara zama. Ni dai bakina ya gaji da wannan zance, amma bari in ƙara.

A bayan wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa, tsofaffi huɗu ne suka rage cikin waɗanda suka iya wani wasan karta da suka koya tun suna bakin aiki. Biyu-biyu ake yinsa, kowa na fuskantar abokinsa. Kafin a jefa ko karta ɗaya, sai kowa ya duba rabonsa, ya faɗi zagaye nawa yake ganin shi da abokinsa za su ci, wannan shi ne alkawarinsa. Wanda ya ga ba shi da abin kirki sai ya ce, "Na wuce." Wanda ya fi ɗaga alkawari shi ke jan wasa, abokinsa kuwa ya shimfiɗa kartarsa a tabarma kowa ya gani. Sauran da suka iya wasan duk ƙasa ta rufe musu ido, 'yan zamani kuwa ko kallo bai ishe su ba. In ɗaya ya tashi, wasa ya mutu ke nan, don ba a yinsa da mutum uku.

Cikinsu akwai tsohon direban jirgi, abokin wasansa kuma tsohon mai ɗaga wa jirgi tuta. Direban nan Allah ya jarabce shi da son sarakuna. Da ya buɗe kartarsa ya ga sarki, shi ke nan, kunne ya toshe. Ba ya duba ko sarkin yana da 'yan rakiya, wato ƙananan karta irinsa da za su tsare masa baya, balle ya tambayi kansa ko abin da ya riƙe ya dace da na abokinsa. Mai tuta zai ce ya wuce, ma'ana ɗan'uwa taka birki, sai direba ya ƙara wuta. Shi kuwa mai tuta, ga ciwon gwiwa ga nisan unguwa, kullum ya jawo ƙafa ya zo don kawai a baje talaucin kartarsa a yi musu dariya. Ran nan ya ce masa a hankali, "Malam, na gaji. In na sake cewa na wuce ka ƙi ji, ba za ka ƙara ganina a tabarmar nan ba."

Maganar ta tsorata direba ƙwarai, don tun da ya ajiye aiki ba shi da wurin zuwa sai wannan zama. Ya yi 'yan kwanaki yana kame bakinsa. Sai wata la'asar aka raba, ya buɗe, ya ga sarakuna da sarauniyoyi reras, irin rabon da bai taɓa samu ba. Mai tuta ya ce ya wuce, aka zagayo ya sake faɗa yana kallonsa ido cikin ido. Direba ya ji shi sarai. Amma zuciya ta ce masa, haba, wannan ai ko da kututture kake wasa ka ci. Ya ɗaga alkawari har ƙololuwa. Da aka shimfiɗa kartar mai tuta, tarkace ne zalla, babu abin da ya haɗu da nasa. Ashe kallon kitse ya yi wa rogo. Waɗansu sarakunan tsirara suke, masu ɗigo ɗaya kuwa, waɗanda suka fi sarki ƙarfi, duk suna wajen abokan hamayya. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna tsincewa, yana ji yana gani.

Ranar ba wanda ya yi dariya. Mai tuta ya dafa bango ya miƙe, ya sa takalmansa, ya yi sallama kamar kullum, bai ƙara dawowa ba. Sauran biyun suka zo kwana biyu, suka gaji suka daina. Har yau in ka bi ta bayan tasha da la'asar za ka ga direban shi kaɗai a tabarma, yana raba karta kashi huɗu, ya ɗauki nasa ya duba, ya tattara ya sake rabawa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.