Kifin Tiga

Ina ɗan shekara tara Baba ya kwashe mu daga Koki zuwa bakin ruwan Tiga. Mata na ta soya kifi a rumfuna, ƙamshin man gyaɗa da yaji ya cika wurin. Na ja gefen rigarsa.

"Baba, a saya mana."

Ya harare ni. "Ɗan gidan mutunci ba ya ci a bainar jama'a."

Ya tura mu mota, muka ci busasshen dambun da Inna ta ƙunso, gumi na zuba. Shi kuwa ya ce zai je alwala. Da ya dawo, ga ƙayar kifi maƙale a gemunsa.

Allah ya jiƙan Baba, amma wallahi har yau raina na ɓaci. Ko kan kifin bai rago mana ba!